Dutsen da Ke Kiran Uwarsa

A Masar, an ce, akwai gunkin wani sarki a zaune da ke kukan kiran uwarsa kowace asuba. Hajiya Hamdia ta ji labarin a bakin ɗanta na fari, wanda ya tafi karatu can ya rasu.

Ran nan da duku-duku tana jiran bas a bakin titin Gate City Boulevard, sai ga mutum zaune gefenta, tafuka bisa gwiwoyi, ba ya ƙiftawa. Yashi na zuba daga ƙafafunsa.

"Mma," ya ce, leɓɓansa ba su motsa ba. "Kira ni ko sau ɗaya."

Kiran duhu ba a amsa shi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Amma ita da kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunansa shekara ashirin da uku, sai ta buɗe baki:

"Abdul-Majeed?"