Mayafin Miriyam a Rumfar Zaɓe

Miriyam na tsakar gida tana shanya citta, Nathan, malamin makarantar da zai aure ta, yana durƙushe gaban mahaifinta.

"Gobe kai ne ofisa a rumfar zaɓe, ko?" in ji Baba Yafet. "Duk macen da ya zo da fuska a rufe, ka kore shi. Doka ne."

"Baba, doka ta ce a ga fuska, ba ta ce a kori mutum ba."

"To ka zaɓa, su ko yarinyana!"

Tun da ɗansa Luke ya mutu a wutar rikicin addini, zuciyar tsohon nan ta bushe. Miriyam ta shige ɗaki tana kuka.

Washegari rana na tsaka, wata mata mai niƙabi ta iso gaban layi. Na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar yatsunta, sai dai a ɗauki fuska. Ga ma'aikatan duk maza ne. Nan da nan wuri ya kaure.

"Ta buɗe ko ta tafi! Tana ɓata mana taim!"

Matar ta tsaya, ta riƙe niƙabinta. Nathan ya hango Baba Yafet a gindin mangwaro, ya kafa masa ido. Duk da haka Nathan ya daure, ya ɗaga murya.

"Don Allah, akwai macen da za ta taimaka?"

Can sai Miriyam ta fito daga layi. Ta yaye mayafinta ta rataya a tagar ajin da ake zaɓen don ya zama labule, Nathan ya nuna mata inda za ta danna a na'urar, ya juya baya.

Matar ta ɗaga niƙabin. Wayyo! Rabin fuskar duk tabon ƙuna ne, haka ma yatsun.

"Kada ki ji tsoro, 'yata. Wutar rikicin nan ce. 'Ya'yana biyu na koma ɗaukowa, ban same su ba."

Miriyam ta danna, hawaye na zuba. Matar ta jefa ƙuri'arta ta tafi.

A ranar, Baba Yafet ya mayar da kayan aure. Miriyam ta gaya masa abin da ta gani, ko kallonta bai yi ba. Damina biyu suka wuce, masu nema suna zuwa tana ƙi, ta rame kamar tsinke. Nathan bai fasa gaida tsohon ba, ko da ba ya amsawa.

Wata Lahadi bayan sujada, uba da 'ya suna share kabarin Luke, sai tsohon ya dakata.

"Matar nan... yara biyu kika ce?"

"Biyu, Baba."

Ya daɗe yana kallon kabarin. "Ni ɗaya na rasa. Je ki kira mini malamin nan."

Aka ɗaura aure, Nathan da Miriyam suka ci ribar haƙuri. Kafin ka kori mai rufe fuska, ka tuna ba ka san abin da ta rufe ba.