Barandar Baba Ayuba

"Baba, taso daga nan."

Ban san sanda na faɗa ba, ban kuma san sanda na kama hannunsa na fizgo shi daga kan kujera ba. Mahaifin saurayina ne fa, Baba Ayuba, mutumin da ko gaishe shi zan yi sai na durƙusa kaina a ƙasa. Hularsa ta faɗi. Kwanon abincin da na kawo ya kife a yashi.

Leburorin da ke cire itatuwan da aka tokare barandar bene da su suka tsaya cak.

"Ku ci gaba," in ji Baba, bai ko kalle ni ba.

Suka ci gaba, har suka cire na ƙarshe. Na runtse ido ina jiran ƙara...

Shiru.

Baranda tana nan a sama, ko gezau. Mama Tani, mahaifiyar Ishaku, ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"To Injiniya, sai ki sake min miji."

Sai a lokacin na lura har yanzu hannunsa yana cikin nawa.

Sunana Laraba, a unguwar Abakpa na tashi. A daminar 1977 ina shekara ta uku a jami'a a Zariya, ina karatun injiniyan gine-gine, masu gadoji da hanyoyi da benaye. Ni kaɗai ce mace a ajinmu. Ishaku kuwa akawu ne a wani ofis a Doka, mai babur Besfa da dariya mai saurin zuwa. A majami'a muka haɗu, an kai gaisuwa, an sa bikinmu bayan Kirsimeti. Ina son sa, ba na ɓoyewa.

Babansa birkila ne tun zamanin Turawa. Benen nan na unguwar Malali da hannunsa ya gina shi, ƙasa nasu, sama namu. Barandar ce abin alfaharinsa, ta fito daga jikin bango ba ginshiƙi ko ɗaya, irin na gidajen manya.

Matsalar kuwa tun ranar zuba kankare na gan ta. Baranda marar ginshiƙi, rodinta a sama ake ajiye shi, don nan ne nauyi yake ja. Na ga leburori suna ta hawa da kwanon sarki suna tattaka rodin har ya kwanta ƙasa. Na ja Ishaku gefe na gaya masa, ya ce zai faɗa wa Baba.

Washegarin abin kunyar nan ya zo gidanmu da la'asar, ya jingine Besfa a bakin famfo.

"Larai, kin kashe ni."

"Ka gaya masa maganar rodin?"

Ya sosa ƙeya.

"Ishaku, ka gaya masa?"

"Ta ina zan fara? In ce Baba, aikin da ka tsufa a cikinsa, budurwata ta ce ba daidai ba ne?"

"Shi ne ka bar shi ya zauna a ƙarƙashi."

"Ai ba ta faɗo ba, masoyiyata."

"Ba ta faɗo ba tukuna."

Ya zauna a kan benci, ya fara jera min saƙon gidansu. Mama Tani ta ce macen da ke yawo cikin leburori da takalmin maza ba ta san suruki ba. In ina son auren, in zo gaban dangi in durƙusa in ce ƙarya na yi, ginin lafiyarsa ƙalau. Ranar addu'ar buɗe gida kuma in hau barandar in tsaya tare da mawaƙan majami'a, kowa ya gani.

"Mawaƙa? A kan barandar?"

"Shawarar Hannatu ce."

Da ma na sani. Hannatu 'yar ƙawar Mama Tani ce, ita ke jan waƙa a majami'armu, ta kuma daɗe tana harin Ishaku. Tuni ta bi zumuntar matan majami'a tana cewa wai na kira Baba jahili. Kullum tana Malali, yau ta kai kunu, gobe ta share tsakar gida, sai ka ce an aike ta.

"Zan ba Baba haƙuri a kan hannun da na kama," na ce. "Amma ba zan ce barandar lafiyarta ƙalau ba."

"Kalma ɗaya ce fa, Larai."

"Kalma ɗaya da mutane cike a kanta."

"Ashe karatun ya fi ni a wurinki."

Wannan ta yi min zafi, amma ban yi kuka a gabansa ba. Na ce masa in bai yarda da ni ba, ya hau sama da bokitin ruwa, ya zuba daidai inda baranda ta haɗu da bango, ya sauko ya duba ƙasa. Ya tashi Besfarsa ya tafi ba sallama.

Makonni suka wuce ba Ishaku ba dalilinsa. Ina zuwa wurin aikin hutu da makaranta ta tura ni, ina auna magudanar ruwa, ina dawowa in kasa cin tuwo. A majami'a Hannatu na zama kusa da Mama Tani tana riƙe mata jaka. Mamata ma sai da ta sa baki.

"Ke Laraba, taurin kan nan naki ba zai aure ki ba. Je ki faɗi abin da suke so."

"Mama, in ta rufto da 'ya'yan mutane fa?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Wata Asabar da hantsi ina wanki sai ga shi, ƙafar wandonsa jiƙe, idonsa ja.

"Na zuba ruwan."

Na saki wankin na ɗago kai.

"Tsaga ce siririya kamar zare. Ruwan ya shige, ya ɗigo ta ƙasa a jikin bango." Ya tsuguna a gabana. "Ki yafe min, Injiniyata. Tsoro ne ya hana ni tun farko."

"Ka gaya wa Baba?"

"Yanzu daga can nake. Ya ce in fita masa daga gida. Na ce masa in dai sai kin yi ƙarya za a yi auren, to a bar shi, amma ni ba Hannatu ba kowa."

Nan kam na yi kuka, da kumfar sabulu a hannuna.

"Rushe ta za a yi?" ya tambaya.

"A'a. In aka kafa ginshiƙi biyu a bakinta da gungumen kankare kwance a kansu, rodin da ke ƙasa ya koma daidai wurinsa. Ba abin da za a fasa."

"Ba zai yarda ba. Duk Malali za su ce yarinya ta gyara masa aiki."

Ranar Lahadi bayan sujada na ɗaura zane na yafa gyale, Ishaku ya kai ni Malali. Tun daga ƙofa na lura da abu ɗaya. Kujerar Baba, wadda kullum take ƙarƙashin baranda, ta koma gindin mangwaro. Murhun Mama Tani ma an ja shi can bakin katanga. Ashe tsohon ya riga kowa gani, ruwan damina ya nuna masa. Kunya ce kawai ta riƙe masa baki.

Hannatu na nan tana yanka kuɓewa. Ta ce, "Oho, an zo tuba?"

Ban kula ta ba. Na durƙusa a gaban Baba.

"Baba, na kama hannunka a gaban mutane. Ban kyauta ba, ka yafe min."

"Sai kuma me?" in ji Mama Tani.

"Sai kuma roƙo." Na ƙara sunkuyar da kai. "Baba, a Zariya lissafi muke ta yi da zane. Ban taɓa kafa ginshiƙi da hannuna ba, ga shi na kusa gamawa. Ka koya min kafin in koma. Ko guda biyu ne."

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga kai ya kalli barandar.

"Shekara uku a jami'a, ba ki iya kafa ginshiƙi ba?"

"Ban iya ba, Baba."

"Kai, karatun zamani." Ya girgiza kai. "To a ina za mu kafa su? Ni ba ni da filin wasa."

"Duk inda ka ga ya dace."

"Sai dai can, bakin baranda. Ba za su tare hanya ba."

Mama Tani ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu.

"Yarinya ta zo neman ilimi, Tani. Hannatu, ki gaya wa mawaƙanki a ƙasa za su tsaya sai na gama koyarwa."

Washegari da sassafe ya sa aka mayar da itatuwan tokara, wai don kada ƙura ta zubo mana. Ni na yi lissafin rodi da faɗin tushe, in miƙa masa a hankali in ce ko haka ya yi? Ya duba ya ce, "Ba laifi, kina ƙoƙari." Shi kuma ya koya min abin da ba a koya mana a aji, yadda ake tsayar da katako da igiya, da yadda ake gane kwaɓi ya yi daga jin sa a cebur. Ya zage ni ya fi a ƙirga. Na ji daɗin kowane zagi.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura mana aure, da sharaɗin zan koma in ƙarasa karatuna. Mawaƙa suka cika baranda, Hannatu a gaba tana jan waƙa fuska a ɗaure. Baba ya sa aka dawo masa da kujerarsa ƙarƙashi, tsakanin ginshiƙan nan biyu. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Ado ne kawai, surukata nake koya wa aiki."

Da aka kira iyaye a yi hoto, ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ishaku ya matso da sauri, Baba ya ture shi.

Ya miƙo min hannu a gaban Mama Tani da dangi duka.

"Ja ni, 'yata. Ke kin iya."