Kofi Na Uku Daga Hagu

Wata bakwai tana roƙon saurayinta ya zo ya gaida mahaifinta. Kullum da uzuri, yau sutudiyon ɗaukar waƙa, gobe mura. Sai ga shi ranar Talata da hantsi a ƙofar shagon mahaifin nata, ya sha turare.

Baba aikinsa zana sunaye a jikin kofuna da lambobin yabo, ita kuma ta goge su. Shekara goma sha ɗaya shi ke yin na gasar marubuta waƙa da masu tsara kiɗa. Sunayen waɗanda suka ci kan iso masa mako guda kafin biki, amma ko matarsa ba ta taɓa jin ɗaya daga bakinsa ba.

Ta tarbe shi har tana tuntuɓe.

"Ka zo! Na ɗauka sai na yi furfura..."

"Haba zuciyata, ai alkawari kaya ne."

Ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba ya dube shi ta saman tabarau.

"Kai ne mawaƙin?"

"Mai tsara waƙa, Baba."

"To. Ashe ihun ma tsara shi ake yi."

Saurayin ya yi yaƙe. Ita dai ta lura hankalinsa ba ya wurin kowa. Yana can kan teburin baya, inda kofuna tara ke jere an lulluɓe su da farin ƙyalle.

Da aka kira Baba waje karɓar saƙo, sai saurayin ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Hasken idona... ɗan ɗaga ƙyallen nan. Na uku daga hagu, na gwarzon waƙar shekara."

"Abin da ya kawo ka ke nan?"

"Kallo ɗaya fa! In ni ne, in ɗinka sabbin kaya in kira 'yan jarida. In ba ni ba ne, me zai kai ni in zauna ina tafa wa wani ƙato?"

"Maganar aurenmu fa?"

"Ai ba guduwa za ta yi ba... bari a gama bikin."

Ta dube shi tun daga gyararren gashi har takalmi mai sheƙi. Wai a kan wannan ta yi kuka a gaban mahaifiyarta!

Ta buɗe ƙofa, ta koma gefe.

"Fita."

"Zuciyata..."

"Ka sa wa kalmar kiɗa ka kai gasa. Fita!"

Baba ya dawo ya tarar da ita tana goge kofi na uku, hawaye na ɗiga a kan sunan wanda ta kora.

"Goge da kyau, 'yata," in ji shi. "Waƙar ba laifi. Mai ita ne bai kai nauyin kofin ba."