Ƙusar Majigin Marigayi Yuguda

Cin amanar mamaci ne ya kassara Martins, mai gyaran majigi a Kafanchan. Majiginsa mai ido uku, ja da kore da shuɗi, ya rasa 'yar ƙusar da ke riƙe koren idon, har Kaduna babu irinta. Sai ya kwance wata daga majigin marigayi Yuguda da aka ba shi ajiya.

Da dare yana gwaji, wani ya shigo, ya tsaya tsakanin haske da farin ƙyalle. Inuwarsa ba ta fito ba.

"Oga, matsa mana," in ji Martins.

"Martins, idona ya yi sako-sako. Ina ƙusata?"

Muryar Yuguda ce.

Majigi ya ƙone, shago ya rufe, kore kuma ya fita daga idon Martins. Ko gonar citta toka-toka yake ganinta.