Barde da Ƙayar Beguwa

A can wani zamani mai nisa, an yi wata tsohuwa mai noman rogo a bakin daji. Tana da wani ƙaton kare ruwa biyu, uwarsa karyar mafarauta, ubansa karen makiyaya. Sunansa Barde, shi ke tsare mata gona.

Wata rana da safe ya yi artabu da beguwa a cikin rogon. Ya kore ta, amma ya dawo fuskarsa duk ƙaya. Ya shige ƙarƙashin rumbu ya kwanta. Da tsohuwa ta nufo shi, sai ya yi mata gurnani, abin da bai taɓa yi ba.

Maƙwabcinta ya leƙo ta kan danga ya ce, "Inna, karen nan ya haukace. Bari in ɗauko gora."

Ta ce, "A'a, ɗan nan. Ba hauka ba ne, ciwo ne."

Ta ajiye wa Barde ruwa a kasko, ta zauna daga nesa. Ya yi gurnani, ta dakata. Ta matsa kaɗan, ta zauna. Ya yi gurnani, ta kira sunansa a hankali. Ta matsa kaɗan, ta zauna. Rana ta take, ba ta tashi ba.

Can wajen la'asar, Barde ya rarrafo ya ɗora kansa a cinyarta. Ta riƙa zare ƙayar ɗaya bayan ɗaya, amma bai ko buɗe mata baki ba. Da ta gama, ya sha ruwa, barci ya kwashe shi.

Sai ta ɗaga murya ta ce, "To, ɗan nan, zo ka tashe ni. Ƙafafuna sun ƙi."