Daƙiƙa Bakwai na Baba Mahrus

Gab da magariba na sauka ɗakin ƙasa na ma'ajiyar jini a Iskandariyya don in sake kunna uwar kwamfuta. Duk tashinta manhajoji biyu ke rige-rige: mai buɗe rumbun bayanai, da mai gadin sanyin firji. In mai gadin ya riga, sai ya faɗi shiru, ƙararrawa ta mutu, jinin bayin Allah ya lalace ba wanda ya sani.

Baba Mahrus, tsohon injiniyanmu, layi ɗaya ya rubuta a manhajar: mai gadi ya jira daƙiƙa bakwai. Ni kuwa na tsani aikin a-yi-a-gani. Na goge layin a gabansa.

"Nirmin 'yata, ba don rumbu kaɗai na sa ba," ya ce. "Akwai mai ɗakin. A bar shi ya wuce tukuna."

"Baba, aljanin ma ya bi layi."

Ya ɗauki shayinsa ya haye sama. Kuskurena ɗaya: na kunna kafin in rubuta wa zai bi wa.

Fankar kwamfutar ta tashi. Firji suka yi tsit.

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin. A allon kwamfutar, inda sunan mai gadi yake fitowa, sai ga layi babu suna. Shi ya riga kowa.

Ma'aunin ɗumin firji ya fara hawa; in ya wuce digiri shida, jini ya lalace. Huɗu. Biyar.

Numfashi ya sauka a ƙeyata, mai ɗumi.

"Bakwai," aka raɗa. "Mayar mini."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma haushi ya fi yawa.

"Ba ka da ko ɗaya," na ce. "Jinin mutane ne."

Na rubuta: rumbu farko, mai gadi bayansa, marar suna ƙarshe.

Wani abu ya damƙe wuyan hannuna.

Ma'auni ya kai shida.

Da ɗayan hannun na kashe, na kunna.

Ƙararrawa ta tsala ihu, firji suka kama. Na fizge, na haye matakala da rarrafe, takalmina ɗaya a ƙasa.

Jakar jini ko ɗaya ba ta lalace ba. Shatin yatsu uku na nan a hannuna, kuma Baba Mahrus ya daina sauka ƙasa. Ban mayar da layinsa ba. Duk tashin kwamfutar, marar sunan nan yana fitowa, na uku, a bayan mai gadi.