Ruwan da Ya Daina Ƙiftawa

A wani shagon kwamfuta a unguwar Gesse Taufiq ya fara ganin Mubina. Ya yi tagumi gaban wasan kamun kifi na kwamfuta da yake ginawa, don da zarar kifi ya ratsa ƙarƙashin ruwa sai hoton ya kama ƙiftawa. Ruwa da kifi da homar masunci duk shara-shara ya zana su, kowanne na kokawar hawa kan ɗan'uwansa.

Mubina, 'yar Argungu mai karatun kwamfuta, ta leƙo ta bayansa.

"Malam, wanga kogi naka ciwon ido shika yi?"

Ya ɗago zai yi fushi, yana ganinta ya manta.

Soyayya ta yi nisa, amma mahaifinta Malam Abdussamadu, tsohon masuncin da ciwon gwiwa ya raba da kogi, ya kafe. "Ba ni ba da ɗiyata ga mai wasan yara!" Da ƙyar ta shawo kansa ya yarda a kawo masa abin ya gani.

Taufiq ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, in Baba yag ga ruwan ga na ƙibtawa, na rasa ki."

Ta amsa: "Ba ka rasa ni, Gwanina. Gobe ina tahe mu duba tare."

Da suka haɗa kai sai suka gano ashe ruwa da kifi da homa duk a zurfi ɗaya ya ajiye su, kwamfuta ta rasa wanda za ta sa gaba. Shi ya ba kowanne 'yar tazara, ita kuma ta tsara a riƙa zanawa daga ƙasa: laka, kifi, homa, ruwa a ƙarshe. Kogi ya kwanta luf.

A zauren gidan su Mubina a Argungu, tsoho ya zauna gaban kwamfuta fuska a murtuke. Can sai ga giwan ruwa ya gifta a hankali. Hannun dattijo ya zabura da kansa, kamar zai danna homa. Taufiq ya nuna masa maɓallin, tsoho ya danna, ya kama kifin.

Idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Na ɗauka ni da kogi mun yi bankwana," ya ce. "Yaro, hwaɗa ma magabatanka su taho. Allah shi yi muku albarka."

Mubina ta ruga cikin gida tana dariya tana kuka.

Ranar ɗaurin aure, jama'a sun cika ƙofar gida, liman na jira. Sai da aka aika sau biyu kafin uban amarya ya yarda ya fito daga kogin kwamfuta.